Burodin Soda Na Mutanen Ayalan, Da Yadda A Ke Yin Sa Ba Da Alkama Ba

  

Ka sani, ya kai mai karatu, akwai wani tsibiri a cikin babban teku yamma da Ingila, ana ce da shi Ayalan, babban birninsa Dablin. Mutanen wannan tsibiri suna da wani irin burodi da su ke ji da shi kamar yadda Bakano ya ke ji da gurasa. Ba a sa masa yisti, ba a murza shi, ba a rufe shi a jira ya tashi. Abu huɗu ne kurum: garin alkama, da gishiri, da nono mai tsami, da wani farin gari dangin kanwa wanda a ke kira soda. Uwargida ta kan kwaɓa shi da sassafe, kafin hantsi ya fito daga wuta. To, a cikin wannan tsibiri ɗin kuma aka sami wata cuta ta yawaita, wadda mai ita idan ya ci alkama sai hanjinsa ya lalace. Watau abincin da kaka ta bar wa gida gado, shi ne ya koma yana kwantar da jika. Yadda suka yi suka cire alkama daga burodin alkama, ya kuma tsaya burodi, shi ne abin da za a bayyana a nan, gama akwai amfani a ciki ga malamin da a ke kawo wa yaro mai ciwon ciki, da kuma ɗan kasuwa mai awon gari.

FASALI A KAN ASALINSA

Ayalan ƙasa ce mai yawan ruwan sama da hazo, rana ba ta cika ƙwallewa ba. Ciyawa na jin daɗinta, shanu ma haka, amma alkamar da ta ke bayarwa mai laushi ce, danƙonta kaɗan ne. Wannan danƙo ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne tushen maganar duka. Wanda ya ɗebi fulawa ya kwaɓa ya dunƙule, ya tsoma cikin ruwa ya yi ta matsawa, zai ga farin ruwa yana fita kamar gasara. Idan farin ya ƙare, sai wani abu ya rage a hannunsa mai talewa kamar roba. Shi ne likitoci ke kira gulutan. Shi ne kuma ke sa alkubus da funkaso su kumbura, gama yisti yana fitar da iska a cikin ƙullu, danƙon kuwa ya riƙe iskar kamar yadda salka ke riƙe ruwa. Alkamar ƙasashe irin su Kanada danƙonta mai ƙarfi ne, ita ce masu gidan burodi ke so. Ta Ayalan ba ta da wannan ƙarfi, burodin yisti da ita ya kan fito a kwance, da nauyi kamar tubali.

Talakawansu a zamanin da ba su ma damu da alkama ba. Abincinsu dankalin Turawa ne, wanda har yau masu kawo shi daga Jos su ke kira airish, da sunan mutanen nan. Ma'aikacin gona ya kan ci laba goma ko fiye a yini, ya kora da nono. A ƙidayar 1841 mutanen tsibirin sun haura miliyan takwas. Sai a 1845 wata cuta ta auka wa dankali, ya riƙa ruɓewa a cikin ƙasa, ta kuma maimaita shekara bayan shekara. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu saboda yunwa da zazzaɓi, kamar wannan kuma suka shiga jiragen ruwa suka bar ƙasar, yawancinsu zuwa Amurka. Labarin ya kai har Santambul, inda Sarkin Musulmi na Daular Usmaniyya, Abdulmajid, ya aika musu da gudummawar fam 1,000 a 1847. Gwamnatin Ingila, wadda ke mulkinsu a lokacin, ta sayo masara daga Amurka ta kai musu, alhali ba su san niƙa ta ba, ba su san dafa ta ba, ta yi ta ɓata musu ciki kafin su gane kanta.

A cikin waɗannan shekaru ne soda ta fara samuwa da araha. Tun kafin nan mutane sun san cewa ruwan toka yana tayar da ƙullu, amma yana da ɗaci, ƙarfinsa kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da masana suka iya fitar da soda fara tas a masana'anta, sai abin ya sauƙaƙa. A 1836 wata jarida ta garin Newry a arewacin tsibirin ta buga yadda a ke yin burodi da ita, a 1846 kuma wasu mutum biyu, Austin Church da John Dwight, suka fara yin ta don sayarwa a birnin Niyok. Bayan yunwa ta wuce, mutane suka ji tsoron dogara ga dankali kaɗai, sai burodin soda ya shiga kowane gida.

Hikimar da ke ciki ba baƙuwa ba ce ga matan Hausawa. Mai tuyar masa idan ƙullunta ya yi tsami da yawa ta kan ɗiga ruwan kanwa, sai ya yi kumfa, tsamin ya karye. Abin da soda ke yi ke nan. Da ta haɗu da tsamin nono sai iska ta tashi nan take, irin iskar nan da ke cikin lemon kwalba, ta huda ƙullun ƙananan ramuka, wuta kuma ta ƙafe shi a haka kafin iskar ta tsere. Yisti halitta ce mai rai, sai an ba shi sa'o'i ya ci ya numfasa, saboda haka ya ke bukatar danƙo mai ƙarfi da zai jure jira. Soda ba ta jira. Shi ya sa alkama mai rauni ta dace da ita, har ma ta fi mai ƙarfi dacewa.

Nonon kuwa suna da shi a yalwace, domin ƙasar man shanu ce. Kasuwar man shanu ta birnin Kok ta yi suna a ƙarni na 19, ana loda kayanta a jiragen ruwa zuwa ƙasashe masu nisa. Idan an kaɗa nono an cire mai an kai kasuwa, abin da ya rage a gida shi ne tsala, irin wanda Fulani ke tallarsa a ƙwarya. Da shi a ke kwaɓin. Ba su da tanda, sai wata tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku da murfi. Makamashinsu kuma wata baƙar ƙasar fadama ce da a ke yankawa kamar tubali, a shanya ta bushe, ta ci wuta a hankali. A ɗora tukunyar a kan garwashi, a ɗibi wani a zuba a kan murfi, wuta ta ci ta sama da ƙasa. Mutanen arewacin tsibirin kuwa su kan faɗaɗa ƙullun, su yanka shi huɗu, su gasa a kan kasko.

FASALI A KAN CUTAR

Sunanta siliyak, daga kalmar Yunananci mai nufin ciki. Wani likitan Yunanawa, Aretaeus, ya siffanta ta tun kusan shekara dubu biyu da suka wuce. A 1888 wani likita a Landan, Samuel Gee, ya rubuta siffarta a jikin yara filla-filla, ya kuma gane cewa maganinta yana cikin abinci, sai dai bai gano wane abinci ba ne. A 1924 wani a Niyok, Sidney Haas, ya riƙa ɗura wa yaran ayaba, suka sami sauƙi, aka yi ta yabon ayaba. Ashe ba ayabar ba ce, burodin da aka hana su ne.

Wanda Allah ya ba buɗin shi ne Willem Dicke, likitan yara a ƙasar Holan. Ya daɗe yana zargin alkama. Sai a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a hunturun 1944 zuwa 1945, yunwa ta kama yammacin Holan, burodi ya yi ƙaranci, har mutane suka koma cin albasar furanni. Jama'a na ramewa, amma yaran nan masu siliyak da ke asibiti sai zawonsu ya tsaya. Da aka kawo agajin fulawa burodi ya dawo, sai ciwonsu ya dawo tare da shi. A 1950 Dicke ya gabatar da bincikensa a jami'ar Utrecht, daga baya shi da abokan aikinsa suka nuna cewa ba farin garin ne mai laifi ba, danƙon nan ne.

Ga yadda abin ya ke. A cikin ƙaramin hanji akwai wasu 'yan tsirarai ƙanana kamar gashin darduma, su ne ke tsotse amfanin abinci su kai jini. Mai siliyak idan ya ci danƙon alkama, sai dakarun jikinsa da aka halitta don yaƙi da cuta su ɗauke shi abokin gaba, su far wa hanjin da kansa, har 'yan tsiraran nan su kwanta, wurin ya zama sumul. Daga nan abinci ya kan shiga ya fita bai yi amfani ba. Yaro ya yi ta zawo mai maiƙo da wari, ciki ya kumbura, ƙafafu su sirance, girma ya tsaya. Babba kuwa wani lokaci ba ya ko zawo, sai ƙarancin jini da ba ya jin magani, da kasala, da raunin ƙashi, ga mace kuma har da yawan ɓari. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, amma tana bin jini: cikin 'yan'uwan mai ita na kusa, watau iyaye da 'ya'ya da waɗanda su ke ciki ɗaya, kimanin ɗaya cikin goma ya kan same ta.

A 1973 likitocin Galwe, a yammacin Ayalan, suka buga cewa kusan mutum ɗaya cikin 300 na yankinsu yana da ita, abin da ya girgiza likitoci a wancan zamani. Yau da aka sami gwajin jini, an gane cewa a ƙasashe da yawa ta kai kimanin ɗaya cikin 100, mafi yawansu kuma ba su sani ba. Kada wani ya ce ai cutar Turawa ce. A 1999 wani likitan Italiya, Carlo Catassi, da abokan aikinsa suka gwada 'ya'yan Sahrawi, Musulmi makiyaya na Yammacin Sahara da ke zaune a sansanin gudun hijira a Aljeriya, waɗanda fulawar agaji ta zama abincinsu safe da yamma. Suka sami fiye da biyar cikin ɗari suna da ita, ninkin na Ayalan sau da yawa. Wannan abin lura ne ga duk al'ummar da ta bar gero da dawa ta koma burodi da taliya.

Maganinta ɗaya ne har yanzu: barin alkama da sha'ir da hatsin rai, iyakar rayuwa. Idan an bari, hanji ya kan warke, yaro ya tashi ya kama girma. Malamin da aka kawo wa yaro mai irin wannan siffa, bayan addu'a, ya kyautu ya tura iyayen asibiti. Amma ya gargaɗe su kada su yanke masa alkama tukuna sai an ɗebi jini an gwada, domin idan an riga an bari gwajin ba ya nuna kome, sai a zauna cikin shakka shekara da shekaru. Wanda kuma ba shi da wannan cuta, ba shi da wani dalili daga likita, babu abin da alkama ta yi masa. Yayin da ya tashi a Turai da Amurka na masu lafiya su ƙaurace mata su sayi gari mai tsada, ɓarnar kuɗi ce kawai.

Mutanen Ayalan yawancinsu Kiristoci ne 'yan Katolika, a ibadarsu kuwa akwai wata 'yar waina ta alkama da a ke ba masu ibada. Sai abin ya zama mas'ala a wurin malamansu: mai siliyak ya zai yi? Fadar Fafaroma ta yi hukunci, ta kuma sake jaddada shi a 2017, cewa wadda ba ta da alkama sam ba ta inganta ba, amma an yarda da wadda aka rage wa danƙo ƙwarai. Kowace al'umma da irin nata furu'a.

FASALI A KAN YADDA A KE YI

Cikin dukan burodin Turawa babu wanda ya kai na soda sauƙin rabuwa da alkama, gama tun asali bai jingina da ƙarfin danƙo ba. Amma ɗan danƙon da ke cikin alkama mai laushi yana aiki, shi ke hana burodin wargajewa. Wanda ya ɗebi garin shinkafa zalla ya kwaɓa da soda da nono ya gasa, abin da zai fito ya kan marmashe a hannu kamar busasshen tuwo. Saboda haka sai an haɗa gari iri-iri, an kuma samo abin da zai tsaya a madadin danƙon.

Ga awo na burodi guda: garin shinkafa mai laushi ƙwarai giram 250, garin farar dawa giram 100, sitacin rogo ko na dankali giram 100. Jimla giram 450 ke nan, watau laba ɗaya. Shinkafa ce jiki, dawa ta kawo ɗanɗano da ɗan duhu irin na burodinsu na alkama da dusarta, sitaci kuma ya kawo taushi. A Ayalan da yawa su kan sa garin wani hatsi na ƙasashen sanyi mai suna ot a maimakon dawa, amma sai wanda aka tabbatar ba a gauraya shi da alkama a gona ko a inji ba. Sa'an nan gishiri ƙaramin cokali ɗaya, soda ƙaramin cokali ɗaya a shafe, ba a tule ba, man shanu giram 30, ƙwai ɗaya, nono mai tsami mililita 350, watau gwangwanin madara biyu da ɗan ɗori.

Abin ɗaurewa iri biyu ne a kantunansu. Akwai wani farin gari mai suna zantan, ƙaramin cokali ɗaya ya isa. Akwai kuma ɓawon irin wani tsiro da a ke nomawa a Indiya, Larabawa na ce da shi bizir ƙaɗuna, Turawa siliyom; babban cokali ɗaya a ke zubawa cikin nonon, a bar shi minti biyar ya yi kauri, a kuma ƙara nono kaɗan domin yana shan ruwa. Mai yin ɗanwake ta san wannan dabara tun tuni, gama abin da kuka ke yi wa garin wake da rogo ke nan. Kukar za ta ɗaure burodin, sai dai za ta mai da shi kore, ta kuma sa masa ɗanɗanonta, har Ba'ayale ya gan shi bai shaida shi ba.

A fara hura tanda ta kai digiri 200 tun ba a taɓa gari ba. Wannan shi ne sharaɗin farko, domin soda da nono da sun haɗu aiki ya fara, duk mintin da ƙullu ya yi yana jiran wuta iskarsa ce ke tafiya. A tankaɗe garin da sodar da gishirin da zantan tare, sau biyu, don kada soda ta dunƙule wuri ɗaya mai ci ya gamu da ita. A murtsuke man shanu a ciki da yatsu. A yi rami a tsakiya, a kaɗa ƙwai cikin nono a zuba, a juya da hannu ɗaya yatsu a buɗe, daga tsakiya zuwa gefe, har gari ya ɓace. Shi ke nan. A burodin alkama ana hana murzawa don kada danƙo ya tashi ya yi tauri; a nan babu danƙon, amma murzawa tana korar iska, saboda haka hanin yana nan.

Inda mafi yawan masu koyo ke kuskure shi ne wajen ruwa. Ƙullun ya kan fito da laushi yana manne wa hannu, ya fi kusa da tuwon da bai gama daskarewa ba, sai mutum ya tsorata ya ƙara gari. Kada a ƙara. Shinkafa da sitaci suna ci gaba da shan ruwa a cikin wuta, ƙullun da ya yi daidai a hannu ya kan fito a bushe. A jiƙa hannu da ruwa, a tattara shi a kan faranti da aka barbaɗa wa garin shinkafa, a yi shi kewayayye, kaurinsa kamar faɗin yatsu uku. Idan ya ƙi tsayuwa, a zuba shi cikin gwangwanin gashi, ba aibi ba ne.

Sa'an nan a tsaga samansa da wuƙa, tsagi mai zurfi. Su mutanen Ayalan tsagi biyu su ke yi a gicciye. Tsofaffinsu na cewa don albarka ne, wasu kuma su ce don aljanu su sami hanyar fita, har su kan soki kusurwa huɗu da tsinin wuƙa saboda haka. Wannan camfi ne. Dalili na gaskiya shi ne tsakiyar burodin ta fi kauri, tsagin ke ba wuta hanya ta kai can, ya kuma ba shi wurin buɗewa idan ya kumbura. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da siffar gicciye ba, ya ja layi uku a jere, aikin ɗaya ne.

Gashi minti 45 zuwa 50. A ciro, a kife shi, a ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa: idan ya yi amo kamar ganga ya gasu, idan ya yi dum a mai da shi a kife minti biyar. Wanda ba shi da tanda ya yi yadda kakanninsu suka yi, tukunyar ƙarfe mai kauri da murfi, gawayi kaɗan a ƙasa, mai yawa a sama. Bayan an sauke sai haƙuri. Burodin da ba alkama ba ya gama haɗuwa sai ya huce sarai, wanda ya yanka da zafi zai tarar da cikinsa kamar ɗanye. A naɗe shi cikin tsabtataccen ƙyalle sa'a guda ko biyu, ɓawon ya yi taushi. Ba ya daɗewa: ranar da aka yi ya fi daɗi, kashegari sai an ɗumama a kasko, wanda ya rage a yanka a sa a firiza. Suna cinsa da man shanu da shayi, ko da miyar nama da dankali. Zabibi da sukari da a ke gani a cikin na Amurka, musamman ranar bikinsu ta 17 ga Maris, ƙari ne na waɗanda suka yi hijira suka sami wadata.

Soda idan ta yi yawa burodi ya kan yi rawaya, ya yi ɗanɗanon sabulu. Ba ita ce bakar hoda ba, gama ita hoda ta zo da nata tsamin a gauraye, wata kuma a kan cika ta da sitacin alkama. Kanwa ma, ko da ya ke danginta ce, ba ta zama madadi cokali da cokali, domin ta fi kaifi, ƙarfin wannan dunƙule ba shi ne na wancan ba, ga yashi. Wanda ya rasa tsala ya matsa lemon tsami babban cokali ɗaya da rabi a cikin madarar, ya jira minti goma ta tsinke.

TANBIHI

Duk abin da ya gabata mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne tsare garin. Hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin abinci ta yanke a 2008 cewa ba a ce da abinci marar gulutan sai abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Ɗan kasuwa ya buga lissafi: a buhu mai kilo 50 giram ɗaya ke nan na danƙo, kuma babban cokali ɗaya ko biyu na fulawa ya isa ya kawo wannan. Watau fulawar da ta rage a gindin mudu, ko wadda ta maƙale a haƙoran inji bayan an niƙa wa wata alkamar funkaso, ta isa ta ɓata buhun garin shinkafa ga mai siliyak.

Almajiri ya karanta a fiƙihu cewa ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai sāke ba. Kada ya yi ƙiyasin wannan da wancan. Alkama ba najasa ba ce, abinci ce mai tsarki halal. Garin da ta taɓa kuma launinsa ba ya sākewa, ɗanɗanonsa ba ya sākewa, amma hanjin yaron ya sani. Wani ma ba ya jin ciwo nan take, ɓarnar tana gudana a ɓoye. Saboda haka a gidajen Ayalan masu irin wannan mara lafiya a kan ware masa rariyarsa da muciyarsa da katakon yankansa, har da kwanon man shanunsa, don kada wuƙar da ta shafi burodin alkama ta koma ciki. A kan yi nasa gashin da farko, kafin ƙurar fulawa ta tashi a ɗakin girki. Tun 1970 suna da ƙungiya ta masu wannan cuta, tana fitar da jerin abincin da aka tabbatar. A kantunan Turai kuma akwai alama a jikin kaya, zangarniyar alkama da aka ratsa da layi, ba mai buga ta sai an gwada kayansa an ba shi izini.

Bahaushe mai wannan cuta yana cikin rangwame, gama gero da dawa da masara da shinkafa da acca da rogo da wake duk babu gulutan a cikinsu. Tuwo da fura da koko nasa ne. Abin da zai kiyaye shi ne burodi da gurasa da taliya da alkaki da cincin da Semovita, da abin sha na kwalba da a ke yi da sha'ir, da kuma inda a ke saka fulawa ba a faɗa ba, kamar ɗanwaken zamani da wasu masu masa da ke ƙara ta don ƙullu ya yi auki. Inda babu alamar zangarniya a jikin buhu, maganar mai awo ita ce alamar. Idan uwa ta zo ta tambaya ko garin nan zalla ne, ko an niƙa shi a injin da a ke niƙa alkama, to ba ciniki ta ke ja ba. Mai gari ya faɗa mata abin da ya sani. Idan sarowa ya yi bai ga niƙan ba, ya ce bai gani ba, ya sayar mata da tsabar shinkafa da dawa ta je ta wanke, ta shanya, ta daka a turminta.

Tamat.